Gaisuwar Inna Yalwa da Jirgin Ƙarfe Biyar

Satin da ya wuce 'yar wata ƙawata ta hawo bene ta same ni a ɗan ofishina na Whitechapel a nan London, ta zauna ta harɗe ƙafa, ta ce tana so in koya mata sana'ata a hutun sati biyu da ta samu. Na tambaye ta me ta ɗauka sana'ar tawa take. Ta ce, "Anti Ladi, ba booking ne kawai ba? Ai komai yana waya." Ban yi fushi ba, don ba ita ce ta farko ba. Dukanku haka kuke gani: Anti Ladi tana hawa jirgin ruwa, tana cin kifi, tana ɗaukar hoto a bakin teku. To ku gyara zama ku ji. Ni dai ba na iya daɗewa a kujera, saboda haka a tsaitsaye zan ba ku.

Ga aikin a taƙaice. Akwai manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa da suke tashi daga Southampton, su yi sati ɗaya ko biyu a teku. Kusan kullum da safe jirgi zai tsaya a wani gari, a sauke tsani, a ce ku fita ku sha iska ku dawo kafin ƙarfe kaza. Kamfanin jirgi yana da nasa motocin da masu yi wa baƙi jagora, amma abin da zai karɓa a hannun mutum ɗaya, ni da shi zan zaga da mutum biyar a bas ɗin gari har mu sha shayi. Bature da matarsa ba su damu ba, su biyu ne. Mu kuwa ba ma tafiya mu biyu. Mutum zai ce min shi da iyalinsa ne, sai ranar yankan tikiti in ga har da ƙanwar matarsa, da 'ya'yan yayansa masu karatu a nan, da tsohuwa da ta zo daga Kano ganin jika. Mutum goma sha biyu, gari biyar. In suka bi motar kamfani a kowane gari, sai an sayar da fili a gida. Waɗannan awoyi takwas da ke tsakanin saukowa da komawa, su ne sana'ata.

Sai dai arahar tana da sharaɗi, kuma shi nake fara gaya wa kowa tun kafin ya ajiye jakarsa. In motar kamfani ta makara, jirgi zai jira ta. In bas ɗin Anti Ladi ya makara, jirgi ba ruwansa. A shekaruna goma sha tara na farko a wannan aiki ban taɓa barin ko yaro ɗaya a gaɓa ba, kuma da wannan maganar na ci abinci. Ba ni da talla a rediyo, ba ni da babban allo a titi. A wajen suna ko walima ne wata za ta ce wa wata, "Ki ba wa Ladi, ita ba ta barin mutum." Jarina ke nan, babu wani.

A Tottenham na koya, a shagon Baba Issaka, wani dattijo mutumin zangon Kumasi. Tikitin jirgin sama yake sayarwa, yana aika wa mutane kaya gida a cikin duro, da bazara kuma ya cika doguwar mota da iyalai ya tsallaka da su Faransa su wuni su dawo. Wata uku na yi ba abin da nake yi sai amsa waya da dafa masa shayi. Ran nan ya ce in shirya, muka tsallaka Calais mu biyu. Muna sauka ya miƙo min buhun shinkafa mai kilo goma da silifa irin na shiga wanka.

"Ka sa wannan, ka ɗauki wannan," in ji shi. Baba Issaka mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. "Ka taka daga nan zuwa kasuwa, ka duba agogo."

Na ce, "Baba, ai na duba taswira, an rubuta lokacin da ake yi."

Ya ce, "Taswira ba shi da ciwon gwiwa. Taswira ba ya goyon yaro. Ka tafi."

Na tafi, shi kuma yana biye da ni yana cin gyaɗa. Ninki biyu da ɗoriya na yi a kan abin da taswira ta faɗa, silifa ya tsinke sau ɗaya, wuyana ya kwana uku ba ya juyawa. A hanyar dawowa ya gaya min abin da har yau nake aiki da shi: ba da ƙafar matashi ake auna hanya ba, da ƙafar wanda ya fi kowa nauyin jiki ake aunawa, sannan a ƙara lokacin banɗaki, da lokacin wanda zai tsaya taya jaka ba da niyyar saya ba. Tun daga ranar ban taɓa kai mutane inda ban taka da ƙafata ba. Da sanyin hunturu, lokacin da tikiti ya faɗi, nake zuwa garuruwan nan ni kaɗai, in yi ta sintiri kamar mai neman ɓataccen ɗan akuya.

A Lisbon na koyi ɗaura agogo biyu. Mun fito daga Sifaniya, jirgi ya riƙe nasa lokacin, wayoyin mutane kuwa suka ja baya da awa guda ba tare da sun yi shawara da kowa ba. Na ƙirga mutanena a bakin tsani, babu wani malamin makaranta daga Woolwich. A wani shagon shayi na same shi ya miƙe ƙafa yana karanta jarida da ba ya jin yarenta, ya nuna min waya ya ce ai da sauran lokaci. Ban san dattijo yana iya gudu haka ba sai ranar. Yanzu na dama lokacin jirgi ne, na hagu lokacin gari, kuma duka masu allura ne, ba masu canza ra'ayi ba. Sauran kayan aikin ba su da yawa. Takalmi mai taushi. Butar roba mai naɗewa da siririyar sallaya, don sallar azahar ba ta san kana yawon shaƙatawa ba. Kati mai lambar wakilin jirgi na kowace tasha, wato mutumin da ake bar wa fasfon wanda jirgi ya tafi ya bari. Sai littafina, wanda ya sha ruwan sama har ya kumbura. A ciki na rubuta inda banɗaki mai tsabta yake a kowane gari, da bencin da inuwa take kaiwa bayan ƙarfe ɗaya, da mai kifin da ba ya suya da man alade, da bas ɗin da yake zuwa a kan lokaci da wanda sai ya ga dama.

Mutanenmu kuwa, Allah ya bar mu tare. Akwai wanda kowane gari aka sauka kanti kawai yake nema, ya sayi takalmin da yake nan a Stratford. Akwai yaran da aka haifa a nan, ka nuna musu ganuwar da ta shekara ɗaruruwa su ce, "Auntie, is there wifi?" Akwai Alhajin da ya dube ni a garin Vigo na Sifaniya, matarsa tana cikin shagon zinariya, ya ce, "Ki je ki ce wa direban ya ɗan dakata, ai mun biya kuɗinmu." Shi a ganinsa tashar Unguwa Uku muke. Amma in aka bar ni na yi aikina, rana mafi araha ita ce mafi daɗi. Mu shiga kasuwar gari da hantsi, mu sayi burodi mai zafi da kifin gwangwani da tumatir da inabi, in fito da yajina, mu hau bas zuwa inda ake hango gari duka, mu sauko bakin teku mu shimfiɗa zane a inuwa. Yara su shiga ruwa, manya su yi gyangyaɗi. Ban taɓa jin wanda ya dawo London yana ba da labarin motar kamfani ba, amma burodi da kifin nan har yau ana tuna min da shi.

Sai shekarar korona ta zo. Jirage suka yi cirko-cirko a tasha, waya ta yi ta ƙara wata biyu, kowa abu ɗaya yake tambaya, "Anti, an yi cancel ne?" Daga nan ta yi shiru gaba ɗaya. Na koma aikin kula da tsofaffi a wani gida a Tottenham, ina wanke su ina ba su abinci, ni da ban iya zama ba. Baba Issaka a wannan shekarar ya rasu, ko jana'izarsa ban samu tsayawa kusa ba. Ofis ɗin nan da ƙyar na riƙe shi. Da aka buɗe teku kuma mutane suka ƙi dawowa, kowa yana cewa bari dai a gani. Saboda haka ranar da Dakta Nuhu ya kira ni ya ce mutum goma sha biyu, kwana goma sha biyu, sai da na zauna a ƙasa. Likita ne da ake jin maganarsa daga Plumstead har Tottenham. In tafiyarsa ta yi kyau, na farfaɗo. In ta ɓaci, in kulle ofis in miƙa mukulli.

Na je gidansa a Plumstead da taswirorina muka baje a tebur. Mahaifiyarsa, Inna Yalwa, tana zaune a kan darduma tana jan carbi, tsohuwa siririya da ta zo daga Kano wata biyu da suka wuce. Na duba bizarta, na duba magungunanta na hawan jini da sukari, na dubi yadda take tashi, na ƙara minti goma a kowace hanya. Ina cikin bayani na zo kan gari na uku. Sai ta ce, "'Yar nan, wannan Malaga ɗin a Sifaniya take?" Na ce a can take, Inna. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da carbinta. Ni kuma da wayona ban tambaye ta dalili ba.

Gari biyun farko sun tafi lafiya lau. Ranar Malaga na shirya musu abin da na fi ƙwarewa a kai: kasuwa, bas zuwa tsohuwar ganuwa, sannan bakin teku. An rubuta a allon bakin tsani cewa ƙarfe huɗu da rabi za a janye shi, ƙarfe biyar jirgi ya tashi. Ina ƙirga kawuna sai ga Inna ta sauko da mayafinta na fita unguwa, riƙe da wata jaka mai ƙamshin daddawa da turaren wuta.

Na ce, "Inna, wannan kayan fa? Ai bakin teku za mu."

Ta ce, "Ku dai teku za ku. Ni gaisuwa za ni."

Na juya na dubi Dakta, ya fara sosa ƙeya. "Anti Ladi, wallahi na so in gaya miki tun a London. Akwai Hansatu, 'yar aminiyar Inna, tana aure a nan. Mahaifiyarta Dije ta rasu bara, ita kuma takardunta ba su fito ba, ba ta samu zuwa gida ba. Hansatun ta ce nan kusa ne."

Na karɓi adireshin na duba. Wani gari ne na gonakin mangwaro da tumatir a kan tudu, awa ɗaya da kwata a bas. Garin da ban taɓa takawa ba, babu shi a littafina. Na ce ba zai yiwu ba, na kawo dalilai har biyar, duk masu kyau. Inna ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Ni na yi wa uwarta wanka. In zo har ƙofar gidanta in juya saboda kallon ruwa?"

Ku da kuka tashi a nan ba lallai ku gane abin da ya biyo baya ba. In Inna za ta gaisuwar mutuwa, ɗanta ba zai tafi ganin ganuwa ba. In Dakta zai je, matarsa ba za ta zauna a bakin teku a ce ta zo gari ba ta yi gaisuwa ba. In matarsa za ta, ƙanwarta za ta, yara kuma ba a bar su da kowa ba. Kafin in ƙifta ido duka sha biyun sun zama 'yan ta'aziyya, har da mai ɗauke da ƙwallon roba. Na tsaya a tashar bas na yi lissafi a bayan tikiti. Mu hau na ƙarfe goma, mu dawo a na ƙarfe biyu. Na ƙarfe uku ba zai kai mu ba. Na sa Dakta ya maimaita a gaban kowa: ƙarfe biyu saura kwata muna kan titi.

Hansatu a hawa na uku take, a saman wani shagon gyaran keke. Mijinta a wajen ɗaure kayan gona yake aiki, ya ɗauki hutun ranar, ya gayyato maƙwabta 'yan Nijar da 'yan Gana, falo ya cika. Maza suka zauna a falo, mu mata muka shige ɗaki. Aka yi gaisuwa, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Aka shafa fatiha. Na saci kallon agogo, sha biyu saura. Na ce a raina alhamdulillahi, har ma za mu samu ɗan bakin teku. Sai Hansatu ta matso ta zauna a gaban Inna ta kama gefen zanenta.

"Inna, ki ba ni labari. Duk wanda na tambaya a waya sai ya ce in yi haƙuri. Ba wanda ya gaya min yadda aka yi."

Inna ta ajiye carbi, ta gyara zama, ta ce, "To. Ranar wata Laraba ce da damina, mun dawo daga biki a Gwammaja, ta ce min kanta yana sarawa."

Na sake satar kallon agogo. Na san irin wannan farawar, ba a tsallake rana a cikinta. Sha biyu da rabi labari yana kemis, ana gardama a kan maganin zazzaɓi. Ƙarfe ɗaya aka kai Dije asibiti, aka faɗi wanda ya ba da mota da wanda ya ƙi bayarwa. Aka tashi aka yi azahar, na idar kafin kowa na tsaya a taga. Aka kawo tuwo da miyar kukar da Inna ta zo da ita, na ci loma biyu a tsaye. Na fita baranda na dawo, na fita na dawo. Ɗaya da rabi, an kai kwana na uku a asibiti, Dije ta ce tana sha'awar fura. Na leƙa falo na yafito Dakta.

Ya ce, "Anti, ni ba zan iya ba. Ta yaya zan ce mata ta tashi? Ke dai."

Na shiga na durƙusa a gefenta, na yi ƙasa da murya. "Inna, ki gafarce ni. Lokaci ya yi, bas ƙarfe biyu ne."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Ban kai ga wanka ba."

Na tashi na yi abin da na iya. Na tattara sha ɗayan nan, na ce wa Dakta su tafi, ni zan zauna da Inna mu biyo su a tasi. Ya ce shi ne ya kamata ya tsaya. Na ce a'a, shi ne mai buɗe akwatin ajiya na ɗakinsu a jirgi. In huɗu da kwata ta yi bai gan mu ba, ya ɗauko fasfon Inna da nawa da magungunanta ya miƙa wa wakilin jirgi. Na ba shi katin ɗakina da lambar wakilin. Sai kuma rakiya ta tashi. Mijin Hansatu da maƙwabtansa suka fito gaba ɗaya, ana tafe ana tsayawa ana sake musabaha, a gai da gida, a gai da mutanen London. Na bi bayansu ina kora kamar mai shigar da kaji akurki. Ƙofar bas tana rufewa na tura ƙanwar matar Dakta ciki.

Tasi ɗaya na samu a garin, don kowa ya tafi barcin rana. Direban ya ce zai zo uku da kwata, tafiyar kuma minti hamsin ce in hanya ta yi kyau. Wato in mun tashi uku da rabi, za mu sha da ƙyar. Na zauna a matakala, na tashi, na sauka titi, na hawo. Daga ɗaki ina jiyo muryar Inna, ba ta sauri ba ta tsayawa. Uku da minti ashirin tasi ta iso ta danna hon. Na haye benen nan bibbiyu, maganata a shirye a bakina. Na taɓa janyo Alhaji daga shagon agogo, na taɓa saɓo yaro a kafaɗa yana ihu. Tsohuwa ɗaya ba za ta gagare ni ba.

Na tura ƙofa. Inna ta buɗe jakar nan ta fito da wani tsohon zanen atamfa a ninke, wanda Dije take ɗaure da shi lokacin da ta cika. Hansatu ta kifa fuskarta a cikinsa, kanta a cinyar Inna, ba ta yin ko sauti, kafaɗunta kawai ke motsi. Inna tana shafa bayanta tana cewa, "Ni na riƙe kanta, Gwaggonki Abu tana zuba ruwa. Ruwan da ɗumi, na taɓa da hannuna kafin a zuba. Na tsefe mata kitso na yi mata uku. Fuskarta fes, 'yar nan, kamar ta yi barci."

Na tsaya a bakin ƙofa da agogona biyu, duka abu ɗaya suke faɗa. Tasi ta sake danna hon. Ni ma tawa uwar a waya aka gaya min, ina tsaye a shagon Baba Issaka, aka ce in yi haƙuri. Har yau ban san wanda ya riƙe kanta ba. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Na ja ƙofar a hankali, na sauka, na ba direban kuɗin ɓata masa lokaci, na ce ya tafi. Ya ɗaga kafaɗa ya ja motarsa. Sannan na kira Dakta.

"Ka miƙa fasfo da magani."

Ya ce, "Anti, kin tabbata? In kun taso yanzu..."

"Ba mu taso ba. Ka miƙa."

Bari in gaya muku abin da ya biyo baya kafin in ƙarasa, don kada wani ya ɗauka labarin alheri ne da ake saka wa mutum nan take. Washegari muka sauka Malaga muka karɓi fasfo a hannun wakili, muka bi jirgin ƙasa muka tari namu a Valencia bayan kwana biyu. Duk arahar da na yi wa Dakta a gari biyar, wannan hanyar ta cinye ta. Labari kuma ya riga ni isa London, don ƙanwar matarsa ta ɗauki hoton gaɓa daga saman jirgi ta tura wa ƙawayenta, ta rubuta an bar Inna. Iyali biyu da suka riga suka yi magana da ni suka janye. Dakta ya yi ta bayani a masallaci da wajen suna, amma bayanin dogo ne, ita kuwa maganar gajera ce: Ladi ta bar tsohuwa a Sifaniya. Ofis bai rufe ba, amma shekara biyu na yi ina rarrafe. Har yau in aka tambaye ni ko na taɓa barin mutum, cewa nake yi na taɓa, sau ɗaya, kuma ni na sallami motar.

A ranar dai, Inna ba ta gama ba sai bayan la'asar. Ta kai Dije har makwancinta, ta faɗi wanda ya yi mata salla da itacen da ke kusa da kabarin, yadda duk ranar da Hansatu ta je za ta gane wurin. Hansatu ta tashi ta wanke fuska, ta ɗora ruwan shayi, har na ji tana yi wa mijinta faɗan ya bar takalmi a hanya. Ni kuwa na kasa zama a ɗakin. Na hau saman benen inda suke shanya, ina kai da kawowa tsakanin igiyoyi, ina tunanin abin da zan faɗa a London. Daga can ana hango teku shimfiɗe a ƙasa. Wajen ƙarfe shida na hango jirgin, fari, yana bin gaɓa a hankali ya nufi gabas, da mutanena sha ɗaya a ciki.

Ban ji hawowarta ba, sai na ji tana haki a bayana. Tsohuwar da nake ƙara wa minti goma a kowace hanya ta hawo bene ita kaɗai. Ta dafa kafaɗata, ta kare ido da tafin hannu, ta daɗe tana kallo.

"Namu ne wancan?"

Na ce, "Namu ne, Inna."

Ta ce, "Ashe ɗan ƙarami ne. Sauko ki sha shayi, tun safe ba ki zauna ba."